Mato Mai Bas, Wanda Ya Kaɗa Mana Abin Da Ba Ya Ji

Duk safiya, in rana ta ɗan ɗaga, Mato yakan buɗe rumfarsa da ke bayan tashar motocin Tanut, ya share gabanta, ya zauna a kan wani mataccen batir ya fara kwance injin da aka kawo masa jiya. Sana'arsa ta cin tuwo ke nan, naɗin waya. Injin niƙa ya ƙone, ko na famfon rijiya, ko fanka, shi ake kai wa ya zare ƙonanniyar wayar ya naɗa sabuwa. Ba ya hira in yana aiki. Ka gaishe shi daga baya, ba zai waiwayo ba, shi ya sa rabin garin ke ce masa miskili. Ni ma na ce masa haka, ba sau ɗaya ba, kuma a gaban mutane.

In ranar biki ce, da azahar yake rufe rumfa ya je gida ya ɗauko jitarsa. Shekara talatin da uku yana kaɗa bas a ƙungiyar makaɗan Hasken Damargu. Ga wanda bai sani ba, bas ita ce doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke fita can ƙasa kamar daka a gidan maƙwabta. Mai ita a baya yake tsayawa. Kowa a Tanut da Belbeji ya san Sidi, shugaban ƙungiyar, mai ƙaramar jita da waƙa da rawani har ido. Amma ka tambayi sunan mai bas, sai a ce maka, "Wannan dogon na baya?"

A watan jiya dogon na baya ya ajiye kiɗa. Ni tsohon malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, ba makaɗi ba, ban kuma cika son hayaniya ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda abin da ya fito fili a ranarsa ta ƙarshe: ashe shekara shida ke nan kunnen Mato a mace yake. Tsayuwa gaban bafil, wato babbar lasifikar kiɗa, da rugugin injin niƙa sun cinye shi kaɗan-kaɗan. Ban da matarsa Asibi, ba wanda ya sani. Ya ɓoye ne saboda alkawari. Zakari, mai gangar ƙungiyar kuma amininsa tun ƙuruciya, ya roƙe shi yana kwance ciwon ajali cewa ranar auren 'yarsa Asma'u, shi Mato ya riƙe mata kiɗan da za ta taka. Mato ya san in Sidi ya gano kunnen ya tafi, zai zaunar da shi don tausayi. Burinsa ɗaya ne, ya kai wannan rana ya kaɗa wa yarinyar ba tare da ya ɓata mata rawa ba.

Kafin in zo kan ranar, bari in faɗi irin makaɗin da yake.

Jitarsa tsohuwa ce, wani direba ya kawo masa ita daga Agadas a shekarar da ya fara. Fentinta ya goge a inda hannu ke hawa. An sha yi masa tayin wata. Akwai ɗan garin nan da ke aiki a Libiya da ya aiko wa ƙungiyar sabuwa fil, baƙa mai walƙiya, mai tsirkiya biyar. Mato ya ɗauka, ya juya ta, ya mayar cikin kwalinta.

"Yatsa huɗu gare ni a wuyanta," in ji shi. "Ta biyar ɗin wa zai riƙe ta, maƙwabcina?"

Maganar tsirkiya kuwa, a nan rigimarsa da sauran masu bas take. Su na Damagaram sabuwa suke so, mai ƙara kamar an buga kwano, in ta fara dushewa su dafa ta a ruwan omo don ta farfaɗo. Mato dushewar yake nema. Sabuwar tsirkiya in ta shigo hannunsa, sai ya shafa mata man shanu ya bar ta kwana bakwai kafin ya ɗaura. Ya ce bas ba a yi ta don a ji ta ba, an yi ta don a taka ta, kuma tsohuwar zuma da ita ake magani. Akwai tsirkiyar da ta shekara goma sha ɗaya a jikin jitarsa, yana kuma ba da labarinta kamar yadda wasu ke ba da labarin 'ya'yansu.

Babbar cikinsu, mai kaurin nan, ba ma ta kanti ba ce. Wata shekara a Belbeji, ranar bikin jamhuriya, ta tsinke masa ana tsakiyar wasa a gaban manyan gari. Ya ƙarasa da uku, ba wanda ya lura sai Zakari. Da suka dawo aka nemi irinta aka rasa, har Damagaram. Sai ya samo wayar kulocin moto, wato babur, ya ɗaure ta tsakanin ƙusa biyu a rumfarsa, ya naɗe ta da siririyar jar waya ta wani ƙonannen inji, zagaye bayan zagaye, wuni biyu. Ta yi. Tun daga nan duk mai bas da tasa ta tsinke tsakanin Tanut da Tarka, rumfar Mato yake nufa, ya zo da wayar kuloci ya koma da tsirkiya. Ban taɓa jin ya mayar da kowa hannu wofi ba.

Da babban yatsa yake kaɗawa, tafin hannunsa kwance a kan gindin tsirkiyoyin don kada sautin ya yi tsawo. Yaran yanzu da ke marin tsirkiya suna finciko ta, kamar yadda suke gani a waya, yakan tsaya ya kalle su har su gama, sannan ya tambaye su ko jitar ta yi musu laifi ne. Ya ce shi ba a wurin makaɗi ya koyi riƙon kiɗa ba, a wurin uwarsa da ƙannenta ya koya, in suna lugude da taɓare uku a turmi ɗaya ba tare da wata ta bugi ta wata ba.

Sidi ya ba ni labarin wani taron makiyaya a kwarin Tarka bayan damina. An gayyace su su yi kiɗa mahaya raƙuma su zagaya, amma raƙuman suka ƙi ɗaukar taki, sai turjiya suke. Sidi ya ƙara sauri, abin ya ƙara lalacewa. "Sai na ji daga bayana kiɗan yana ja da baya, yana ja da baya," in ji Sidi. "Na waiwaya in yi mishi faɗa, na tarar ba ni yake kallo ba, ƙafar raƙumin gaba yake kallo. Da ya daidaita da ita, wallahi duk sauran suka bi. Mu ma muka bi, don ba mu da zaɓi."

To, da kunne ya tafi, da wannan ido ya rayu, da ƙafa, da baya. Takalminsa yake cirewa ya taka zallar ƙasa da tafin ƙafarsa. Ya jingina bayansa da babbar bafil, ganga da jita su riƙa shiga masa ta ƙashi. Idonsa kuma a kan ƙafafun masu rawa. In zai ɗaure tsirkiya, sai ya kafa haƙoransa a kan katakon kan jitar ya kaɗa, sautin ya hau masa ta muƙamuƙi. Duk mun gani. Mun yi dariya mun ce tsoho ya fara cin jitarsa. Magana kuwa a leɓe yake karanta ta, tun da dama ba mai yawan amsawa ba ne, ba wanda ya ga canji. Asibi ce kaɗai ta san inda ɗakin ke yoyo. Ta ce da ni, da laƙabin da ake kiran mu malaman boko, "Mushe, na yi, na yi ya faɗa wa Sidi, ya ƙi. Ya ce sai ya sauke kayan Zakari tukuna."

Asma'u ta gama karatu, ta zama malama a Belbeji, ta kawo wanda take so, aka sa rana. Mato ya shaida wa Sidi cewa daga wannan biki ya ajiye, bai faɗi dalili ba.

A nan Sidi ya yi abin da duk mai kunya zai yi, ya kuma yi ɓarna. Ya ce mutum ba zai shekara talatin da uku a baya ya tafi haka nan ba. Ya ɗauko kayan sauti na zamani daga Damagaram, irin waɗanda ake ɗaga bafil a kan sandunan ƙarfe sama da kan mutane. Ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya ajiye kujera mai laushi a can gaba, gaban kowa. Ya ɗinka wa Mato babbar riga, ya sayo masa sabon takalmi sau-ciki. Da la'asar ta yi, mutane sun cika filin ƙofar gidan marigayi, ya kamo hannun Mato ya kai shi har kujerar.

"Yaya, yau kam gaba za ka zamna," in ji shi. "Ka isa."

Ina wurin. Na ga Mato ya dubi kujerar, ya dubi sandunan ƙarfen, ya dubi Asibi can cikin mata. Sannan ya zauna, don ba a ƙin karamci a bainar jama'a. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa, ba bafil a bayansa, Sidi da sabon mai ganga duk sun koma bayan ƙeyarsa. Masu ɗaukar hoto da waya kuma suka yi masa katanga, suka tare masa ƙafafun masu rawa.

Waƙar farko ya fitar da ita da lissafin kai kawai, don ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ta biyu ita ce ta amarya, kiɗan da Zakari ya tsara da kansa. A wannan kiɗa, in amarya ta shigo fili, ganga takan ɗaga sauri. Asma'u ta shigo da ƙawayenta, ganga ta ɗaga, Sidi ya ɗaga. Mato bai sani ba. Ya ci gaba da tafiyarsa ta dā, da ƙarfi, da natsuwa, kansa a sunkuye. Kiɗa ya rabu biyu. Amarya ta taka ta rasa wanda za ta bi, ƙawayen suka yi karo da juna, suka tsaya cirko-cirko. Sidi ya kira sunansa sau uku ta lasifika, duk filin ya ji ban da shi. Wasu suka fara dariya. Ni ban yi ba, amma na ji kunyar ta kama ni kamar ni na yi.

Asibi, wadda ba ta taɓa ratsa filin kiɗa ba tun da aka kawo ta garin nan, ta tashi ta ratsa. Ta ture masu hoto ta tsaya a gabansa. Ya ɗago ya ga fuskarta, ya leƙa ya ga Asma'u a tsaye, sai ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya.

Ya miƙe. Da ƙarfi ya yi maganar, irin ƙarfin wanda bai san iyakar muryarsa ba.

"Jama'a, ku gafarce ni. Ba ni ji. Shekara shida ke nan ba ni ji. Sidi, ba laihinka ba ne, ni na ɓoye maka." Ya juya wajen amarya. "'Yata, na ɓata miki."

Asma'u ta tako har gabansa, ta ɗaga mayafinta don ya ga bakinta. "Baba Mato, me kake buƙata?"

"Ƙasa," in ji shi. "Da bafil guda."

Sidi da kansa ya sauko da ita daga kan ƙarfe, rawaninsa a jiƙe da hawaye. Aka naɗe darduma, aka janye kujera, aka kori masu hoto gefe. Mato ya cire sabon takalmin ya miƙa wa Asibi, ya kai bafil ɗin can baya kusa da ganga, ya zauna a kanta. Asma'u ta ɗan ɗage zaninta har idon sawu ta tsaya inda zai gan ta. Aka sake ɗauka daga farko. Da ganga ta ɗaga, ya ɗaga tare da ita, bai kuma sake kuskure ko ɗaya ba har aka kira magariba.

Kai ne ginshiƙin da ba a shafa wa fenti, Mato. Kai ne ka riƙe mana ƙafa a bikin aurenmu da sunan 'ya'yanmu, muna ba wani tukuicin yabo. Ba zan ce ɓoyewar da ka yi daidai ce ba, da ka faɗa da wuri da an huta, Asibi ma ta huta. Amma ka ɗauki maganar mamaci shekara takwas ba ka ajiye ba, da ka faɗi kuma ba ka ɗora wa kowa ba. Ni da na ce maka miskili, na janye, ina kuma jin nauyin abin har yau. Mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan Zakari.

Masu tasowa, ga abin koyi. Ku iya tsayuwar baya ba tare da ƙorafi ba, ku iya gyara kayan aikinku da hannunku, ku kuma toshe kunnenku da auduga in za ku tsaya gaban bafil, wannan shi ya ce in faɗa muku. Mu sauran jama'a, in za mu karrama mutum, mu fara tambayarsa a ina yake iya tsayuwa.

Da aka tashi ranar, an yi wa Mato tafi da guɗa irin wanda Sidi ma bai taɓa samu ba. Maroƙi ya yi masa kirari har muryarsa ta dushe. Yana can zaune yana naɗe wayar jitarsa, bai ji ko ɗaya ba. Shi ya sa tawa jinjinar na rubuta ta, da manyan baƙi, zan kai masa da hannuna. Ku kuma in kuna da godiya, kada ku jefo ta daga bakin hanya. Ku zagaya ta gabansa, ku jira ya ɗago.