Ranar da Kawu Labbo Ya Tuɓe Hula

Duk wanda ya san Kawu Labbo na Bukkuyum ya san ba ya sayen abin da bai ɗanɗana ba. Ko gishiri ne sai ya lasa. Da aka kafa ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa a Gummi, aka ce jama'a su sayi hannun jari, sai da ya ci ƙuli-ƙulinsu ya gamsu kafin ya shiga. Ya ja mu muka bi shi. Ni bijimina ɗaya tilo na sayar.

Jarinsa kaɗan ne, amma wayyo manaja! Duk ranar kasuwa Kawu yana ofis.

Manajan kamfanin kan ce, "Baba, lafiya?"

"Lahiya lau, dukiyata na zo dubawa. Wagga fanka wa taka yi wa fifita, ɗaki ba kowa?"

Sai aka shiga shekarun da hannun jari ke ta hauhawa a Legas. Shugabannin kamfani suka ce za su kwashi kuɗin sayen gyaɗar kaka su zuba can. Kawu ya ce, "In kasuwar ta faɗi, mi za mu matsa? Takarda?"

Aka ce sai an kaɗa ƙuri'a a taron shekara. Ya sa na goya shi a babur, Gwashi, Adabka, har Anka, yana tattaro masu ƙananan jari irinmu. Umarninsa ɗaya ne: "In na tuɓe hula, ku ɗaga hannu."

Ranar taro ana zafi. Manaja yana cikin gaida manyan baƙi, kan Kawu ya yi ƙaiƙayi, ya cire hula zai sosa. Kai! Ɗaki ya cika da hannuwa.

Manaja ya daburce. "Jama'a, ai ba a fara ba!"

Kawu ya waiga ya dube mu, ko gezau, sannan ya juyo ga manaja. "To, ka dai ga abin da ka jiranka."

Da aka kaɗa ƙuri'ar muka rinjaya, ba a kai kuɗin Legas ba. Farashi ya ci gaba da hawa, aka yi ta yi masa ba'a, ni kaina na yi gunaguni. Sannan kasuwar ta rushe, wasu har gidajensu suka tafi. Injinmu kuwa yana ta matsa.

Na ce, "Kawu, yaya aka yi ka sani?"

"Wa ya ce maka na sani? Tsoro nika ji, ɗan nan. Ni na jawo ku ciki."

Allah Ya jiƙan Kawu. Yadda ya ji mana tsoro a duniya, Allah Ya amintar da shi daga tsoron ranar gobe.