Ƙunshin Gwaggo Abu a Wasan Buɗe Kyauta

Tasawa, Juma'a

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na fito da jaka da ɗan kwali. Jakar ta tufafi ce. Kwalin kuwa wayewa ce na ɗauko zan kai ƙauye, wai ni malamar lakwal, 'yar boko. Ƙanwata Hadiza ta yi haihuwar fari a Atantane, gobe suna, ni kuma na ga wani wasa a waya, bingo sunansa. Kowace mace a ba ta takarda mai gida tara, kowane gida da irin kyautar da ake zaton za a kawo. Ana buɗe kyauta tana soke gidanta, wadda ta fara cika layi ta ci. Da yake yawancin matanmu ba su yi boko ba, kwana uku na yi ina zana hotuna.

Jika biyu na biya kuɗin mota zuwa Mayahi. A shinge wani jandarma ya zaro takarda ɗaya daga kwalin, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Madam, wagga taɓarya ce?"

"Bibaro ne, kwalbar shayar da jariri."

"To, Allah shi raya," ya ce, ya miƙo mini.

Mayahi

Tara saura muka iso. Na sha fura da nono a tasha, na sayi langa mai murfi ta wadda za ta ci wasa, na hau moto, wato babur ɗin haya. Yashi ya sauke mu sau biyu kafin azahar.

Atantane

Gwaggo Abu ce ta tarye ni, ƙanwar babanmu, wadda ta riƙe mu tun rasuwar innarmu. Ina yi mata bayanin wasan, sai fara'arta ta ɗauke.

"Rabi, gaban jama'a za a buɗe? Har dangin miji na Maradi?"

"I, Gwaggo."

"To nawa kar ki taɓa. Bana gona ba ta yi ba."

Ta tura wani ƙunshi ƙarƙashin gado. Kunya ta kama ni, don ko kusa ban kawo wannan a raina ba.

Asabar

Da la'asar mata suka cika tsakar gida, na raba takardu, na fara buɗe kyaututtuka. Sabulu. Sabulu. Kanwa. Gero. Man shanu daga wata Bafulatana maƙwabciya. Sabulu kuma. Ni kuwa hoda da takalmi da bibaro na zana. Ba don kyautar mutanen Maradi ba, da biron wasu ko takarda bai taɓa ba. Kaya suka ƙare, ba wadda ta ci.

"Malama, langar komawa za ki yi da ita?" in ji wata, aka kwashe da dariya.

Hajiya Delu, uwar mijin Hadiza, ta ɗaga takardarta. Gida ɗaya ya rage mata, na majanyi.

"Yo duk taron ga ba wadda ta tuna abin da za a ɗaure ɗiyar a baya?"

Gwaggo ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshin, ta kwance da kanta. Majanyi ne na saƙi, baƙi da fari, ya sha jiki amma wankakke.

"Tsoho ne," ta ce, kanta a ƙasa. "Da shi na goyi mai jegon, da wagga mai takardu."

Hajiya Delu ta karɓa da hannu biyu. "Mi ake cewa in an ci?"

"Bingo, Hajiya."

"Ke faɗi, ni ban iyawa. Langa dai ta Abu ce."

Hadiza, da tun safe kunyar fari ta hana ta ko kallon jaririyar, ta jawo majanyin ta rufe fuska tana kuka. Ni ma ban tsira ba.

Lahadi

Da hantsi Gwaggo ta raka ni bakin hanya, ta ce in zan sake zuwa in koyi zane. La'asar ta yi mini a Tasawa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direba da mai moto. Babbar godiyar ta Gwaggo ce, da ta ɗauke ni tun ban san mota ba, kuma ba ta taɓa sauke ni a yashi ba.