Buhun Masarar da Baba Yake Aiko Mini

Mun tashi daga Katsina ana idar da sallar asuba, ranar Talatar da ta wuce, ni da wani abokina da ya rantse ba zan shiga motar haya da wannan gwiwar ba. Ku da kuke bibiyata kun san ni: ɗan wasan tsakiya, lamba shida, mai ƙwato ƙwallo ya miƙa wa wani ya ci a ɗauki hotonsa. Shekara goma sha uku, kulob tara. Jos, Gombe, Aba, Yamai, har Kwatano na je aro na wata biyar. Ban taɓa daɗewa a gari har mai shayi ya haddace yawan sukarina ba. Watan jiya likita ya duba gwiwar ya ce in haƙura. Na haƙura.

Sabuwa muka nufa, wajen Baba, in gaya masa na dawo. Ranar da zan bar gida ina ɗan shekara sha tara, bai hana ni ba. Gona ya kai ni, ya nuna mini daga gindin ɗorawa zuwa bakin rafi, ya ce wannan gayaunata ce, zai riƙa noma mini ita, ranar da ƙafa ta gaji in zo in karɓi abata. Tun daga nan, duk kaka, ko ina nake sai buhun masara ya iske ni ta hannun direbobi. A Aba 'yan wasa har tsiya suke mini, wai manomi ya ɓato hanya. Amma duk ranar da koci ya shanya ni a benci, ko aka ce ba za a sabunta kwantiragi ba, buhun nan nake kallo a lungun ɗaki in ce, ai ina da wurin zuwa.

A Kankara muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan naira hamsin ya koma kamar maɓallin riga. Wani mai faci ya ƙura mini ido can ya ce, "Kai, ba kai ne ka taɓa cin gida ba?" Jama'a ku ji fa! Shekara goma sha uku ina zuba gumi, abin da aka riƙe ke nan. Abokina ya yi dariya har ya ƙware.

Daga Kankara zuwa Faskari hira ta mutu. Shingen jami'an tsaro, ka ɗan taɓa tafiya, wani shingen. Bakin titi an noma, dawa ta yi kai, amma in ka miƙa ido can ciki ciyawa ce kawai. Motoci a jere suke tafiya, babu mai yarda ya tsaya. A Faskari muka sha fura, mai furar tana ba mu haƙuri wai nonon ya yi ruwa, shanun da suka rage ba su da yawa. Daga nan muka bi ta Dandume. Ramukan hanyar nan ɗaya bayan ɗaya na ƙirga su da gwiwata.

Ana kiran azahar muka shiga Sabuwa. Na san shekara uku ke nan da su Baba suka baro ƙauye suka dawo cikin gari, gidan ƙaninsa, saboda ɓarayin daji. Amma kullum a waya cewa yake gona lafiya lau, ana zuwa ana dawowa. Ni kuwa rabona da gida shekara huɗu. Nakan ce kakar wasa ce ta hana ni. Gaskiyar magana, kunyar zuwa hannu rabbana nake ji.

Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan mun gaisa mun ci tuwo, na ce, "Baba, ƙafa ta gaji. Gobe a kai ni in ga gayaunata."

Ya ci gaba da murza carbinsa. Inna ce ta yi magana daga bakin ƙofa: "Malam, gaya mashi mana."

Ya ce, "Shekara ukku ba wanda ya taka wurin nan. Mutanen nan sun zauna can."

Na ce, "To masarar fa?"

Inna ta ce a bayan makarantar firamare wani ya ara masa 'yan kunyoyi. Buhu uku ake samu in damina ta yi kyau. Ɗaya nawa ne, biyu na gidan gaba ɗaya har wata kaka.

Baba ya ce, "Na ga kana can kana fama. Na ce in buhu bai zo ba, hankalinka zai tashi, ka kasa wasan."

Wallahi kuka na yi, gaban abokina, gaban kowa. Abin da ban iya gaya musu ba, ku nake gaya wa: buhun bara, da za ni bar Gombe, mai gadin masaukinmu na bar wa fiye da rabinsa, wai ya yi mini nauyi a mota.

Kwana biyu muka yi. Na je na ga kunyoyin aron, ba su kai rabin filin ƙwallo ba. Da safen da za mu taho, abokina ya buɗe but ɗin motarsa zai sa jaka, sai ga buhu a ciki, an ɗinke bakinsa da igiya yadda Baba ke ɗinkewa. Na cicciɓe shi, gwiwa tana ihu, na kai shi ɗakin Inna. Baba ya biyo ni yana cewa, "Naka ne, ɗan nan." Na ce, "Na karɓa, Baba. Nan zan ci shi."

Mun iso Katsina lafiya da la'asar, alhamdulillahi. Hanya dai tana nan yadda na faɗa muku, wanda zai bi ya bi da rana. Ni abin da na taho da shi ɗaya ne. Duk shekarun nan ina taƙama ni ne mai ɗaukar wahalar tsakiyar fili don wasu su ci, ashe akwai tsohon da ya rage tuwonsa don in iya tsayawa a filin. Kayana nake haɗawa yanzu. Ranar Juma'a zan koma Sabuwa, kuma bana babu direban da za a ba buhu.