Garin Kwakin Yaya a Ƙofar Kotu

Muna sallame sallar asuba muka fito daga gidan hayarmu a Highbridge, mu uku: ni, da yayana, da maƙwabcinmu, wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Yaya aka kira kotu can ƙasan Manhattan, wai ya baza huluna da laimomin sayarwa ya tare wa mutane hanya. Maƙwabcin ya rantse mana ƙaramar magana ce, amma mu ba mu san ƙaramar magana tsakanin talaka da hukuma ba. A gida Najeriya muna ji muna gani sojoji suka sa kawunmu a mota wai zai amsa tambaya, sai bayan shekaru ya dawo, babu haƙoran gaba. Shi ya sa matar Yaya ta haɗa masa jakar zaman gidan yari: bargo, buta, ƙuli-ƙuli, sukari, da garin kwaki ƙulle a leda. A bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ka yafe mini," ta fashe da kuka.

Muka gangara tudun unguwar zuwa tashar jirgin ƙasa, kowa ya jefa tokin ɗinsa, kwabon shiga jirgi na dala ɗaya da kwata. Jirgin ya fara tafiya a sama, muna hangen rufin gidaje, yana wuce filin wasa sai ya nutse cikin ƙasa. Taragon cike yake da ma'aikata, ba mai gaida wani. Yaya ya rungume jakarsa, leɓɓansa sai motsi suke.

Shi kuwa maƙwabci, da yake yana shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa, ya samu 'yan makaranta kyauta. Ya ce waɗanda suka kafa ƙasar nan sun sha wuyar sarki, saboda haka gwamnatin da suka kafa da hannunsu ma tsoronta suke ji. Sai suka raba mata iko gida uku, suka rubuta abubuwan da ba ta isa ta yi wa mutum ba. Na ce, "Malam, mu ma muna da irin wannan takarda a gida. Da safe ɗaya aka jingine ta a rediyo." A tashar gaba ya ci gaba da darasinsa.

A ƙofar kotu akwai layi, ana binciken kaya. Mai gadi ya zuge jakar Yaya, ya fito da bargo, ya juya buta yana kallo, sannan ya ɗago ledar gari. Wallahi sai a lokacin na ga abin da shi yake gani: baƙin mutum ɗan Najeriya, da farin abu a leda, a garin da kullum labarin hodar iblis ake yi. Mai gadin ya kira abokin aikinsa. Layin ya ja baya. Turancina kaf ya gudu. Ban san sanda na kwance ledar na watsa gari a baki ba, busasshe, ina tauna ina tari hawaye na zuba. Maƙwabci yana ta faɗa musu abinci ne, rogo ne. Mai gadi na biyun ya shinshina, ya yamutsa fuska saboda tsamin, ya ce mu bar jakar a nan mu shiga.

Alƙalin mace ce, 'yar ƙarama, da tabarau a kan hanci. Ana kiran sunan Yaya ya cire hula, ya zube ƙasa, ya ce, "Ranki ya daɗe, a yi mini rai." Dogarin kotu ya zaburo, ya zaci faɗuwa ya yi. Matar ta leƙo ta ce ya tashi, a ɗakin nan ba a durƙusa wa kowa. Ta tambaya ina ɗan sandan da ya kawo ƙara, aka ce bai zo ba. Ta ce hukuma ce za ta kawo hujja, ba shi ne zai roƙi gafara ba, ta sallame shi. Yaya ya tsaya yana jiran a zo a kama shi, sai da na ja masa riga.

Muka karɓi jakarmu a ƙofa, a waje muka sayi gyaɗa mai sukari wurin mai amalanke, don naman da ake sawa a burodi ba mu yarda da shi ba. Maƙwabci ya ja mu zuwa wani tsohon gini mai ginshiƙai, inda aka rantsar da shugaban ƙasar na farko, ga gunkinsa a tsaye. Ya ce mutumin da kansa ya sauka daga mulki ya koma gona. Na so in yi mamaki, amma a tsallaken titi wasu 'yan sanda sun kifa wani saurayi baƙi a jikin mota suna lalube shi. Yaya ya damƙe hannuna har na ji zafi.

La'asar ta yi mana a gida. Matar Yaya ta yi guɗa, ta jiƙa sauran garin da sukari da ƙuli-ƙuli muka sha, ana ta yi mini dariya. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, alkawarin waɗanda suka kafa ƙasar nan yana nan da rai, na gan shi da idona ya ɗaga yayana daga ƙasa. Sai dai a cikin ɗakin alƙali na gan shi, kuma tsakanin bakin titi da ɗakin akwai tafiya.

Washegari Yaya ya biya kantunan Fordham Road ya sayo sabon gari. Ya mayar da shi cikin jakar, ya rataye ta a bayan ƙofa, ya ce kada wanda ya taɓa masa.