Ranar da Kawu Ya Ajiye Filafili

Mun bar Takoma Park ana idar da sallar asuba, ni da abokina ɗan Kumasi, da jirginsa na ƙarfe ɗaure a bayan mota yana ƙara kamar tsohon kwano duk ramin da muka taka. Ku da kuke bibiyata kun saba in dawo muku da hoton kifi da cika baki. Wannan karon ba kifi ne ya fitar da mu ba, don haka ku yi haƙuri da ni in fara daga farko.

Tafkin da za mu yana yamma, cikin tsaunukan Maryland, amma sai da muka fara yin kudu zuwa Fort Washington don ɗaukar kawuna, yayan mahaifiyata. Mun same shi tsaye a ƙofar gida cikin rigar sanyi biyu, da filas ɗin shayi a hammata, kamar mai jiran motar asibiti. Gidansa ba shi da nisa da kogin Potomac, amma tun da nake ban taɓa ganin ya tsaya ya kalli ruwan nan ba.

Mu mutanen wani tsibiri ne a ƙasar Yawuri, kuma kakanninmu duk masunta ne. Kawu yana da shekara goma sha biyar, bayan an datse kogi ya koma tafki mai faɗi, suka fita su da yayansa. Shi ne a baya riƙe da filafili. Hadari ya taso, iska ta juya kwalekwalen ya ba ta gefe, igiyar ruwa ta kife su. Kawu ya fita, yayansa bai fita ba. Tun daga ranar da aka tsallakar da shi zuwa makaranta bai sake sa ƙafa a jirgin ruwa ba, fiye da shekara hamsin ke nan. Ya yi aikinsa a ofisoshin Southwest Washington har ya yi ritaya. In ya je gida, a garin Yawuri yake sauka, dangi su tsallako su gaishe shi.

Yanzu Inna, mahaifiyata, tana kwance a tsibirin, ba ta iya tashi, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ta ce mini a waya: “Ka faɗa wa Yaya ina so in gan shi a ɗakina, ba a cikin wannan gilashin waya ba.” Mun yanki tikiti, saura mako biyu mu tashi. Abin da Kawu ya ce kawai shi ne zai kai bakin ruwa, sauran kuma sai yadda Allah ya yi. Ni kuwa na kasa barci da wannan magana, don na san in ya tsaya a bakin ruwa, Inna za ta tafi ba ta gan shi ba. Ana nan sai ya kira ni ran Laraba, bayan doguwar gaisuwa ya ce: “Wannan jirgin naku na kamun kifi, mutum nawa yake ɗauka?”

Hanyar ta yi kyau. Mun zagaye birni kafin cunkoso ya farka, muka wuce Frederick gari na wayewa, gonaki kore shar da shanu masu ƙiba da ba wanda ke kiwonsu. A Hagerstown muka sha mai, abokina ya yi ta mita kan tsadarsa kamar ni na ƙara kuɗin. Daga nan hanya ta fara hawa. Akwai inda aka tsaga dutse biyu titi ya ratsa ta tsakiya, kana ganin layin duwatsun a jere kamar an yanka burodi. Na nuna wa Kawu, ya ce “Ikon Allah,” bai ɗaga kai ba. Carbinsa yake ja. Bayan Cumberland sanyi ya ƙaru har muka rufe tagogi.

Wajen ƙarfe tara da rabi muka isa. Tafkin yana kwance tsakanin tsaunuka, itatuwa sun sauko har bakin ruwa, iska tana kaɗawa sannu daga yamma. Wani dattijo Bature da ke ɗaure nasa jirgin ya gaishe mu, ya ce kifi na sama-sama yau, mu nemi inda kumfa ta yi layi. Kafin mu shiga muka ci waken da matar abokina ta dafa da shinkafa, da yajinsu baƙi mai sa hawaye. Kawu ya ci loma uku ya rufe kwano.

Na sa masa rigar da ke hana nutsewa, na ja igiyoyinta da kaina. Ya tsaya a kan katakon da ake hawa jirgi ya daɗe. Can ya yi bismilla, ya sa ƙafar dama, ya zauna a benci na tsakiya ya riƙe gefe biyu da hannu biyu. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi, sai na kawar da kai don kada ya ga na gani.

Bari in ɗan yi bayanin irin wannan fatsa, don a nan matsalar take. Ba a sa tana ko gutsuren kifi. Ƙugiya ce ƙarama ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Ba ta da nauyi, saboda haka igiyar ce mai kauri, ita ake kaɗawa a iska gaba da baya da doguwar sanda mai lanƙwasa, ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. Mukan ɗaura biyu ko uku a jere, na ƙarshe mai ɗan nutsewa, na sama mai yawo a fuskar ruwa. Mukan kuma danne ƙayar ƙugiyar da filaya, mu sa hula da tabarau, don ƙugiyar da iska ta kwaso ba ta san kunnen mai ita ba.

A tafki kuwa ba a kafe jirgi wuri ɗaya. Ana tafiya da inji har can inda iska ke fitowa, a kashe, a juya jirgin ya ba iska gefe da gangan. Sai a jefa wata jaka mai kama da lema a ruwa ta bayan masu zama, ta buɗe ta riƙe jirgin don kada ya yi gudu. Kowa ya juya wa iska baya, ya yi jifa gabansa, jirgi na tafiya a hankali yana kai ka ga ruwan da ba a taɓa ba. Dabarar ita ce ka riƙa janyo igiya da ɗan sauri fiye da tafiyar jirgi, in ba haka ba ta yi sako-sako, kifi ya ɗauka ya tofar ba ka sani ba.

Duk wannan na faɗa wa Kawu a mota. Abin da ban yi tunani ba, ni da nake ɗan masunta, shi ne abu na farko da ake koya wa yaro a tsibirinmu: kada ka taɓa bari jirgi ya ba iska gefe. Hancinsa ake ba ta. Na sani sarai, na kuma san labarin Kawu, amma son fatsa ya rufe mini ido. Har yanzu ina jin kunyar wannan.

Abokina na kashe inji ya juya jirgin, sai na ji ƙarar katako. Kawu ya zaro filafilin da muke ajiyewa don ko-ta-kwana, ya soka a ruwa, ya fara juya hancin jirgi zuwa iska. Hannun da ya yi shekara hamsin yana riƙe biro bai manta komai ba. Jirgin ya juya, igiyar lema ta shiga ƙarƙashinsa, igiyata ta naɗe da ta abokina.

“Baba, ka bar shi,” in ji abokina da Hausarsa ta Zango. “Yau iska shi ne direba. Lema na riƙe da mu.”

Kawu bai ko dube shi ba. Muka warware igiyoyi, muka koma sama inda iska ke fitowa, muka sake juyawa. Ya sake sokawa. Sau huɗu muna haka. Ba mu yi jifa ɗaya na kirki ba, kuma ga layin kumfar da Baturen nan ya faɗa, kifi na ta ɓullowa a cikinsa yana cin ƙwari a gabanmu. Abokina, wanda ba ya iya minti biyar bai yi zolaya ba, ya naɗe igiyarsa ya ajiye sanda. Na so in ce mu koma gaɓa. Amma na san in muka koma a haka, an gama magana, kuma ni zan je in tsaya gaban Inna ni kaɗai.

Wajen azahar iska ta ƙara ƙarfi. Ba hadari ba ne, irin iskar da masu fatsa ke murna da ita ce, tana sa ruwa ya yi tudu-tudu yana marin jirgi. Kawu yana haki, gumi na zuba duk da sanyin. Sai ya miƙo mini filafilin.

“Karɓi. Ku ɗauke lemar. Riƙe mini hancinsa a iska.”

Abokina ya janye lemar. Na koma baya na durƙusa, na sa ƙarfina duka. Ku da kuka san ni kun san ba ƙaramin mutum ba ne ni, aikina a asibiti ɗaga majiyyata ne dare da rana. Na riƙe shi na ɗan lokaci. Sai iska ta bugo ta hagu, hancin ya zame, na ja, ya dawo, ya sake zamewa ta dama. Kafaɗuna suka ɗau zafi. Kafin in ankara jirgin ya juya ya ba iska gefe, ya yi ta tangaɗi, ni kuwa filafili na hannuna ba abin da ya iya.

Kawu yana kallona tun daga farko har ƙarshe.

“Shekarunka nawa yanzu?”

“Arba'in da biyu, Kawu.”

Ya jinjina kai. Ya dubi ruwan, ya dubi tsaunuka.

“Ni sha biyar nake,” in ji shi. “Kuma waccan iskar ta ci uwar wannan.”

Daga nan ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin kukan Kawu ba, ko ranar da matarsa ta rasu. Abokina ya mayar da lemar ruwa a hankali, ta buɗe, jirgin ya daina tangaɗi ya kama tafiyarsa ta gefe. A haka muka ratsa rabin tafkin. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye muku ba, don sai a ranar na gane cewa duk shekarun nan ba ruwa yake tsoro ba. Gani yake shi ya saki yayansa.

Da muka koma sama karo na gaba, ya ɗauki filafilin da kansa ya kwantar da shi a ƙasan jirgi, ya ɗora ƙafa a kai. Ya ce in ba shi sandar. Jifansa bai yi nisa ba, kuma ba a bukatar nisa, tunda jirgi ne ke kai ka. Na nuna masa yadda ake ƙirga goma kafin a fara ja don ƙwaron ya ɗan nutse, da yadda in igiya ta zo kusa ba a fizge ta, ana ɗaga sanda a bar ƙwari su ɗan tsaya a gefen jirgi, don kifin da ya biyo su a nan yake yanke shawara. A irin wannan tsayawar ne wani ya kawo cafka. Kawu ya fizga da ƙarfin mai jan giwan ruwa, siririn zaren ya tsinke, kifi ya tafi da ƙwarona mafi kyau.

“Wannan zaren na ɗinkin hula ne, ba na kamun kifi ba,” in ji shi. Abokina ya fashe da dariya har jirgi ya girgiza, Kawu kuma bai kama gefe ba.

Bai kama ko ɗaya ba ranar. Abokina ya kama biyu masu ɗigo-ɗigo a jiki ya sake su, abin da Kawu ya ce in aka ji a tsibiri za a yi masa addu'ar samun lafiya. Muka yi azahar da la'asar a kan ciyawa a gaɓa, Kawu ya ja mu, ya daɗe a addu'a, na ji ya ambaci yayansa da suna, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya cinye sauran waken nan tas.

A hanyar dawowa ya yi barci tun daga Cumberland har muka shigo cunkoson birni. Ni kuwa ina ta tunani. Na ɗauka na kai shi ne ya saba da jirgi, kamar yadda ake saba wa majiyyaci da tafiya bayan tiyata. Ashe abin da yake bukata shi ne ya ga wani ƙato ya kasa abin da shi ya kasa yana yaro. Tafiyar ta koya mini cewa mutum na iya ɗaukar laifin da ba nasa ba har ya tsufa da shi, mu na kusa kuma muna kiran abin tsoro, don bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Mun isa Fort Washington rana na shirin faɗuwa. Kafin ya sauka ya ce in kira masa gida. Na ce dare ya yi can, ya ce to in ɗaukar masa murya in tura, su ji da safe. Na danna, na miƙa masa wayar. Ya gyara murya, ya kira Inna da sunan da yake kiranta tun tana goye, ya ce:

“Ki ce su turo jirgi Yawuri ran Asabar ta sama. A share mini wuri kusa da gadonki. Ina zuwa har ɗaki.”