Ranar da Rediyo Ta Kushe Waƙar Rabo

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamar Tanda ya san Rabo Mai Gurumi. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin wadda aikin dashe ke bar wa mutum. Mahaifinsa Alassan manomi ne da bai taɓa riƙe abin kiɗa ba, bai kuma so ɗansa ya riƙe ba. A wurin kawunsa ya koya, wani masunci da ke zaune bakin kogi, mai kaɗa gurumi in ya gama ɗinkin koma. Rabo yana da shekara goma sha uku kawun ya fafe masa ƙaramar ƙwarya, ya rufe ta da fatar guza, ya ɗaura tsirkiya biyu, ya ce ya je ya dami tsuntsayen gona da ita tukuna kafin ya dami mutane.

Haka kuwa aka yi. Kan rumfar tsaron tsuntsu ya yi ta ƙwanƙwasa har hannunsa ya faɗa. Da ya girma bai zama maroƙin masu sarauta ko attajirai ba. Waƙarsa ta gona ce: shekarar da kogi ya cika ya cinye shinkafa, shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hadari, wane ne ya riga kowa kai kunya a gayya, wace ce abincinta ya ƙosar da manoma arba'in. Yakan fara da Hausa, ya zarce da Dendi, in ya hango Fulani a gefen taro ya jefa musu gaisuwa da harshensu, su yi dariya su matso.

Kowace shekara, da zarar an kai amfani rumbu, sai ya rataya gurumi ya hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya. Bengou, Karakara, wani lokaci har Kamba ta can Nijeriya. Yakan yi mako uku ko huɗu, ya dawo da damin gero, da zabi a kwando, wata shekarar har da ɗan akuya ɗaure a cinya. Matarsa Balki ba ta taɓa tambayarsa abin da ya samo ba. Abin da take tambaya shi ne wace sabuwar waƙa ya yi a hanya, kuma sai ya rera mata ita kafin ya ci tuwo.

Ya haura hamsin lokacin da Faruk ya same shi. Faruk yana da ɗakin ɗaukar waƙa a Gaya, bayan tasha, kuma mutum ne mai son Rabo da gaske. Ya ce masa, “Baba Rabo, waƙoƙinka suna tahiya da iska. Ka zo mu sa su cikin kart memwar, ɗan katin nan da ake sawa a waya, direbobi su ji, jikokinka su ji.”

Rabo ya yi kwana shida yana zuwa wannan ɗaki mai katifu a jikin bango. Aka sa masa abin ji a kunne, aka ce ya bi bugun na'ura. Faruk ya zuba piyano da ganguna na zamani, ya gyara muryar har ta yi santsi. Da aka kunna masa, Rabo ya ji kamar wani ne daban yake waƙar, amma ya ɗauka haka abin birni yake. Waƙa takwas aka haɗa, da hotonsa cikin babbar rigar aro.

A gidan rediyon Gaya akwai wani shiri da ake yi kowace Alhamis bayan la'asar, inda wata ma'aikaciya, Madam Hadiza, take sa sabbin waƙoƙin mawaƙan karkara, ta faɗi labarin inda za su yi wasa, sannan ta faɗi ra'ayinta. An san ta da rashin ɓoye magana. Da aka ce wannan makon waƙar Rabo za ta sa, sai ya shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, ya sayi sabbin batura, ya aika aka kira maƙwabta. Mutum ya kai talatin.

Madam Hadiza ta sa waƙa biyu. Sannan ta rage sauti ta ce, “Masu saurare, wanga aiki an ce na Rabo Mai Gurumi na Tanda ne. Ni na saurare shi sau uku, ban iske Rabo ciki ba. Na ji piyano, na ji ganguna, na ji murya mai kyau kamar ta kowa. Gurumin da anka san shi da shi, can ƙasa yake kamar kukan sauro. In Baba Rabo shina jina, ina gaishe shi da girmamawa, amma wanga ba shi ne ba.”

Wani ya yi tari, wani ya tuna yana da tumaki a daji. Kafin a kira magariba tabarmin sun zama wayam. Rabo ya kashe rediyon, ya shiga ɗaki ya rataye gurumin a ƙusa, bai sake taɓa shi ba har wata biyu. Gayya biyu aka yi a Tanda ba kiɗa.

Wata safiya yana wasa lauje, Balki ta ajiye masa kunu ta tsaya. Ta ce, “Malam, in faɗi wata magana?”

“Faɗi.”

“Matar nan ba ta yi ƙarya ba. Ni ma ban gane ka ba ciki. Na yi shiru ne don na ga kana murna.”

Wannan ta fi masa zafi fiye da ta rediyo. Bai sha kunun ba. Amma da ranar kasuwa ta zagayo, ya sa rigarsa ya nufi Gaya, da niyyar ya ga matar da ta kunyata shi gaban maƙwabta, ya faɗa mata abin da ke ransa.

Ya same ta a wani ƙaramin ofis, mace mai kimanin shekara arba'in, da tabarau, tana rubutu. Da ya faɗi sunansa sai ta miƙe, ta zagayo teburin, ta durƙusa ta gaishe shi. Duk maganar da ya shiryo a hanya ta watse.

Ya dai daure ya ce, “Ɗiyata, mi na yi miki?”

Ta ce, “Baba, ba ka yi mini komi ba sai alheri. Ni ɗiyar Yunusa ce, na Bengou, mai gonar bakin rafi. Ina ƙarama kun zo gayyar babanmu. Ka yi mishi waƙa, ka ce shi ne wanda rana ke iskewa a kunya ta goma. Har ya rasu, in shina cikin jin daɗi, ita yake rerawa. Da na ga sunanka bisa kart ɗin nan, na yi zaton zan ji abin da na ji rannan. Ban ji ba, shi ya sa na faɗi.”

Rabo ya tuna Yunusa, gajere mai faɗin ƙirji, mai dariya da ƙarfi. Bai san ya rasu ba. Ya yi masa addu'a, ta amsa.

Sai ya ce, “To yanzu ƙaƙa za a yi? Ni ban iya waƙa cikin ɗakin katifa ba.”

Ta ce, “Kada ka koma ɗaki. Yaushe za ku bugun shinkafa?”

Ranar bugun, Madam Hadiza ta zo da hantsi a bayan babur, da ƴar na'urar ɗaukar magana da take hira da ita. Faruk ne ya tuƙo ta. Shi ma maganar rediyon ta ƙona shi, har ya daina gaishe ta na ɗan lokaci, amma da ta nemi ya zo ya riƙe mata makirfo bai ƙi ba. Rabo ya zauna kan tarin ƙaiƙayi. Maza suna dukan damman shinkafa a jikin tanon ƙarfe, wato duro, mata suna shiƙa, Balki a cikinsu. Ya ja tsirkiya, yatsunsa suka yi nauyi da farko saboda daɗewa, sannan suka sake. Bugun damman ya zama masa ganga, matan suka ɗauki amshi ba wanda ya ce su ɗauka. A tsakiyar waƙa ta uku jaki ya yi kuka, kowa ya fashe da dariya. Faruk ya ce zai yanke wurin. Madam Hadiza ta ce ko kusa, a bar shi.

Alhamis ta gaba Rabo bai tara kowa ba. Shi da Balki kaɗai suka saurara a tsakar gida. Madam Hadiza ta sa waƙoƙin, ta ce, “To, ga Rabo na Tanda nan.” Ta kuma ƙara da cewa waƙa ta biyar ta yi tsawo, kuma muryarsa ta shaƙe a ƙarshenta. Balki ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya tsara shi. Direbobin manyan motoci da ke kwana da kwanaki a layin duwan, wato kwastan na bakin iyaka, suna jiran takardu suka fara tura wa juna waƙoƙin a waya. Yawancinsu ƴaƴan manoma ne da suka bar gida. Waƙar ta tsallaka gada zuwa Malanville, ta gangara kudu, ta haura arewa. Wani direba ya zo har Tanda don kawai ya ga mai gurumin, ya ce a hanyar Parakou ya ji amshin matan nan sai da ya tsayar da mota gefen titi, don muryar innarsa ya ji a ciki.

A kakar wannan shekara yawon Rabo ya yi wata biyu, kuma a mota aka riƙa ɗaukarsa, tare da Balki da mata uku masu amshi. Da aka shirya gasar mawaƙan gargajiya a Dosso, aka sa sunansa. Bai zo na ɗaya ba. Wani mai goge ya riga shi, kuma Rabo da kansa ya ce mutumin ya fi shi hannu. Na biyu ya zo. Aka ba shi takardar yabo da injin ban-ruwa. Da aka miƙa masa makirfo ya yi godiya, ya gode wa Allah, ya ambaci kawunsa masunci, ya ambaci Faruk, sannan ya ce, “Akwai wata ɗiya tawa a Gaya da ta ba ni kunya gaban mutum talatin. Allah shi yi mata albarka, shi jiƙan mahaifinta.” Mutane suka yi ta dariya da tafi, galibinsu ba su san zancen ba.

Injin yana nan a fadama, shi da maƙwabtansa huɗu suke ban-ruwa da shi, suna noman rani. Yatsun Rabo sun fara ciwo in sanyi ya shigo, saboda haka ya rage tafiya mai nisa. Bengou da Karakara kawai bai yarda ya fasa ba. Bana yana haɗa wata waƙa a kan matan da ke dashe a fadama, yana so ya ambaci kowace da sunanta. Ya kai ashirin da bakwai, kuma kullum sai wata ta tare shi a hanya ta ce ba ta ji nata ba.