Takun da Na Yi a Gaban Likita

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, duk wanda ya tashi gini sai ya ɗora bene, sai ka ce ƙasa ce ta ƙare. Jami'ar da na samu shiga ma haka take, kuma wani mai rabon ɗakuna da bai taɓa ganina ba ya jefa ni can hawa na ƙarshe. Ni kuwa ƙafata ta hagu, cutar shan inna ta tsotse ta tun ina rarrafe.

Ɗakin yana da daɗi, ba zan ƙi gaskiya ba. Ta taga nakan ga shirwa tana shawagi a ƙasa da ni, in shagala, har in ji kamar in na miƙa wuya zan hango gonakinmu na Gwaram da shanu suna gangarawa rafi. Amma hawa da sauka suka cinye ni. Zangon farko bai ƙare ba gwiwata ta kumbura, na fara rasa darussan safe. Na san in ban samu ɗakin ƙasa ba, ni da karatu mun yi sallama.

A ofishin kula da ɗalibai wata mata ta ce ɗakunan ƙasa kaɗan ne, sai na kawo shaidar likita cewa ina da nakasa. Kalmar nan ta ƙona mini rai, don a gidanmu ba a taɓa faɗa mini ita ba. Mu Fulani ne da suka zauna suka rungumi noma. Fillancin ya gudu daga bakinmu, amma ɓoye ciwo yana nan daram. Tun ina ƙarami na koyi wata tafiya ta gaban mutane: in ɗaure ciki, in cije, in jefa ƙafar daga ƙugu, in miƙe kafaɗa. Takan kai ni daga zaure zuwa masallaci. Bayan nan sai in nemi lungu in zauna ina haki.

Da aka yi hutu Baba ya raka ni asibiti a Birnin Kudu. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya kuma tsayar da ido a kaina. In zai yi mini magana sai ya dubi gefe ya ce, "Kai wannan." Tafiyar ranar har yau kamar a mafarki nake tuna ta. Ƙarshen damina ne, muna bayan akori-kura, dawa ta yi tsayi ta sa hanya a tsakiya. Duwatsu suna leƙowa daga cikin kore suna ɓuya, jiƙaƙƙu, suna sheƙi. Wata tsohuwa ta rungume ƙwaryar fura tana gyangyaɗi, ni ma idona yana lumshewa.

Likitan saurayi ne, baƙo, Hausarsa tsinta-tsinta. Ya ba Baba kujera, ya dube ni.

"Taka zuwa ƙofa ka dawo."

Wallahi ban yi niyya ba. Ga baƙo, ga Baba a zaune, jikina kawai ya yi abin da ya saba. Na ɗaure ciki, na miƙe kafaɗa, na je na dawo kamar ɗan sanda a fareti.

"Ai kana tafiya lafiya," in ji likita. "Ɗingishi ne kaɗan. Bene ba zai gagare ka ba." Ya rufe alƙalaminsa.

Na tsaya ƙiƙam. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan ji haushinsa, likita ko ƙafar ko kaina. Baba yana kallon takalmansa. Ni kuwa matakalar benen nan nake gani, tana ta hawa ba iyaka, da littattafaina a can ƙarshenta.

"Likita," na ce, "a bar ni in sake."

Na saki cikin. Na dafa gwiwa da hannu, jikina ya karkace, ƙafar ta biyo baya tana jan siminti, ƙiii, ƙiii. Ban taɓa jin wannan ƙarar a gaban wani mahaluki ba. Ɗakin ya yi mini tsawo, kamar ina ƙetare rafin da ya kawo ruwa. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi. Da na isa ƙofa na juyo, sai na ga Baba ya ɗago, ya zuba mini ido sosai.

Likitan ya taso. Ya sa na naɗe wando, ya auna ƙafafun biyu, ya danna gwiwar, ya buɗe alƙalami ya yi rubutu mai tsawo. Da wannan takardar aka ba ni ɗakin ƙasa da muka koma makaranta.

Mun fito bakin asibiti Baba ya tsaya a inuwar wata bishiyar maina.

"Haka kake tafiya in ba kowa?"

"Haka ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara tafiya."

"Har lokacin da nake tura ka kiwo?"

"Har lokacin."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya daɗe bai sauke ba. Tausayinsa ya kama ni fiye da nawa. Hanyar tasha cike take da jama'a, ga masu talla, ga 'yan dubiya, sai na fara ɗaure ciki ina gyara kafaɗa.

"A'a," ya ce. "Taka yadda ka taka a ciki."

"Baba, mutane."

"Su kalla."

Haka muka ratsa su, ina jan ƙafa, yana gefena yana rage sauri, mutumin da ban taɓa gani ya jira kowa a hanya ba. Kafin mu isa, motar Gwaram ta cika ta tashi, muka zauna a kan benci muna jiran wata.